Mujiya: Sunan Hikima da Haƙiƙanin Basirarta

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da zai koyar da harshe da adabi a firamare ko ƙaramar sakandare, ko ba jima ko ba daɗe, zai ci karo da hoton mujiya sanye da tabarau da hular kammala karatu, ta rungume littafi. Ana ganin wannan hoto a bangon littattafan yara da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, da tambarin wasu makarantu; manhajar koyon harshe ta Duolingo ma mujiya ce alamarta. Abin da mai zanen yake nufi shi ne ilimi da hikima. Amma yaron da ya tashi a Kano ko Katsina ko Maraɗi, abin da zai fara zo masa a rai daban ne, domin a gida an gaya masa cewa mujiya tsuntsuwar mayu ce, kuma idan ta yi kuka a kan soro to a shirya karɓar gaisuwa. Idan irin wannan yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai me ya haɗa mujiya da littafi?" amsar da zai samu ta danganta ga abin da malamin ya sani. Wannan babi zai duba inda mujiya ta samo sunan hikima, da yadda wasu al'ummu suka ba ta akasin wannan suna, sannan ya auna duka biyun da abin da binciken masana halittu ya tabbatar.

2.0 Rarrabe Kalmomi

Kafin a yi nisa, ya kamata a tsaya a kan wasu kalmomi da ake yawan cakuɗa su. A Hausa, hikima ita ce sanin abin da ya dace da ajiye shi a muhallinsa, kuma galibi ana danganta ta ga dattijo da malami. Wayo kuwa iya kuɓuta ne ko iya cin riba, ko da ta hanyar yaudara, shi ya sa ake jingina shi ga Gizo. Basira ita ce saurin gane abu da warware matsalar da ba a taɓa gani ba. Akwai kuma ilhami, wato abin da aka halicci dabba da shi ba tare da an koya mata ba, kamar yadda ɗan tsako ke fara tsattsaga jim kaɗan bayan ƙyanƙyasa. Hikima ba abu ce da ake iya aunawa a jikin tsuntsu ba. Abin da masana suke gwadawa shi ne basira, kuma babban aikinsu shi ne rarrabe ta da ilhami.

3.0 Asalin Sunan Hikima

Tushen wannan suna yana ƙasar Girka. Mutanen birnin Atens na dā suna bauta wa wata gunkiya mai suna Atina, wadda suka ɗauka ita ce uwar hikima da dabarun yaƙi da sana'o'in hannu. Tsuntsuwar da suka jingina mata wata 'yar ƙaramar mujiya ce da ta yawaita a duwatsu da gine-ginen birnin. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suka fara buga kuɗin azurfa mai kan Atina a fuska ɗaya, da mujiya da reshen zaitun a ɗaya fuskar. Kuɗin ya karɓu ƙwarai a kasuwannin gaɓar Bahar Rum, har ana kiran shi kansa da sunan mujiya. Girkawa ma suna da karin magana a kan mai kai mujiya Atens, wato wanda ya wahalar da kansa ya kai abu inda ya fi yawa, kamar a ce mutum ya ɗauki gishiri ya nufi Bilma. Har yau hoton wannan tsohon kuɗi ne a kan kwabon Yuro 1 na ƙasar Girka, wanda aka fara amfani da shi a 2002.

Daga Girka sunan ya wuce Rum, inda aka daidaita Atina da gunkiyarsu Minaba, daga nan kuma ya shiga adabi da zane-zanen Turai ta hanyar makarantun da suka ɗauki ilimin Girka da Rum a matsayin tushe. Abin lura a nan shi ne, ba wani gwaji aka yi wa tsuntsuwar aka ga ta ci ba. Darajar uwar ɗakinta ce ta shafe ta.

Siffarta ma ta taimaka. Yawancin tsuntsaye idanunsu a gefen kai suke, amma na mujiya a gaba suke, manya, cikin faffaɗar fuska mai kama da ta mutum. Tana zama a miƙe, ba ta yawan motsi, tana ƙura wa abu ido ta daɗe. Wanda ya gan ta sai ya tuna da dattijon da ke sauraro bai ce uffan ba. Ga shi kuma tana gani a lokacin da kowa ke lalube, abin da ya sa aka riƙa kwatanta ta da mai ilimin da ke hango abin da ya ɓuya ga jama'a.

4.0 Inda Aka Juya Mata Baya

Ko a Rum ɗin ba a haɗu a kan yabonta ba. Marubucin nan Filini Babba, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya bayyana babbar mujiya a matsayin alamar musiba, ya kuma kawo labarin yadda aka yi wa birnin Rum bikin tsarkakewa saboda wata ta shiga babban ɗakin bautarsu. Larabawan Jahiliyya sun yi imani cewa wani tsuntsun dare mai kama da mujiya, da suke kira hama, yana fita daga kan wanda aka kashe ya yi ta kuka a kabarinsa har sai an ɗaukar masa fansa. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kore wannan aƙida tare da camfi da tsuntsaye baki ɗaya. A Indiya kuwa, kalmar ullu a harshen Hindi tana nufin mujiya, tana kuma nufin wawa, duk da cewa a addinin Hindu ana ɗaukar mujiya abin hawan Lakshmi, gunkiyar arziki.

Ɗaliban da suka yi karatun zaure za su iya tuna babin mujiyoyi da hankaki a cikin Kalila wa Dimna, littafin da ya samo asali daga Indiya, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8. A can, wani hankaka ne ya sa aka fige shi aka yar, ya je wa mujiyoyi a matsayin wanda danginsa suka zalunta. Ɗaya daga cikin mashawartan sarkin mujiyoyi ya gane makircin ya ce a kashe shi, amma aka ƙi jin maganarsa. Hankakan ya zauna har ya san sirrin kogonsu, sannan ya koma ya jawo 'yan'uwansa suka tara itace a bakin kogon suka cinna wuta. A wannan labari, hankaka ne mai dabara, mujiya ce aka yaudara.

A wurin Bahaushe, mujiya (wadda ake kira duji a wasu kare-karen harshen Hausa na yamma) ba ta da gurbi a majalisar masu hikima. Malamin daji dila ne, mai wayo Gizo ne ko zomo. Da Abubakar Imam ya tashi neman tsuntsu mai fasaha da zai riƙe labaran Magana Jari Ce, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939, aku ya ɗauko, har ya kai shi ga sarautar waziri. Ita kuwa mujiya, abin da harshe ya ajiye mata shi ne ƙiyayya. Idan aka ce an mayar da wane mujiya, ana nufin an tsane shi, an ware shi, kowa na tsangwamarsa.

Wannan magana tana da tushe a abin da ido ke gani. Idan ƙananan tsuntsaye suka tarar da mujiya a kan reshe da rana, sukan taru a kanta da tsuwa da kai sara har sai ta tashi, domin ita ce mai ɗauke su da 'ya'yansu da dare. Aristotal ya rubuta wannan hali fiye da shekara 2,300 da suka wuce, ya ce mutanen zamaninsa suna kiran taron da sunan sha'awa ko mamaki, ya ƙara da cewa maharba suna ɗaure mujiya don su kama tsuntsayen da suka taru. Ke nan abu ɗaya aka gani a wuri biyu: Bagirke ya kira shi taron masu sha'awa, Bahaushe ya kira shi taron dangi a kan abin ƙi. A nan Bahaushe ne ya fi kusa da gaskiya.

5.0 Abin da Mujiya ta Ƙware a Kai

Akwai nau'in mujiya kimanin 250 a duniya, ana samunsu a kowace nahiya in ban da Antatika. Wadda aka fi sani a garuruwanmu ita ce farar mujiya mai fuska kamar zanen zuciya, mai kwana a kango da rufin masallatai da silin ɗin makarantu. Kukanta ƙara ce mai kaifi haɗe da huci, kuma ba mamaki shi ne ya fi jawo mata baƙin jini. Ita da danginta na kusa ne masana suka fi yin bincike a kansu.

Idon mujiya ba ƙwallo ba ne mai juyawa kamar namu. Dogo ne, kuma wani zoben ƙashi ya riƙe shi, don haka kusan ba ya motsi. Wannan ne dalilin ƙura idon da ake fassarawa da zurfin tunani: ba ta da yadda za ta yi ta saci kallo. In tana son duba gefe, sai ta juya kai gaba ɗaya, kuma tana iya juya shi har digiri 270, saboda ƙasusuwan wuyanta 14 ne, na mutum kuwa 7. Zancen cewa ba ta gani da rana ba gaskiya ba ne. Tana gani sarai, har ma akwai nau'o'in da ke farauta da rana.

Jinta ya fi ganinta ban mamaki. Faffaɗar fuskar nan aikin faranti take yi, tana tattara sauti ta kai shi kunne. Kunnuwan farar mujiya kuma ba a daidai suke ba, na hagu ya ɗan fi na dama bisa. Saboda haka motsin ɓera yakan isa kunne ɗaya kafin ɗayan, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, kuma da bambancin ƙarfi. Daga waɗannan bambance-bambance biyu ƙwaƙwalwarta take fitar da inda sautin yake, hagu ko dama, sama ko ƙasa. Wani masani Ba'amurke, Roger Payne, ya tabbatar da haka a binciken da ya wallafa a 1971. Ya saki ɓera a kan busasshen ganye cikin ɗaki mai duhu ƙirin, mujiya ta kama shi. Don ya kore zaton ko wari take bi ko ɗumin jiki, sai ya ɗaura dunƙulen takarda a zare ya ja shi cikin ganyen, ta kai wa takardar sura. A 1978 kuma Eric Knudsen da Masakazu Konishi, a Kalifoniya, suka gano cewa a cikin ƙwaƙwalwar mujiya akwai wani sashe da aka jera ƙwayoyinsa tamkar taswira, kowane rukuni yana amsa sautin da ya fito daga wani gurbi na musamman.

Ga kuma tashi ba ƙara. Gaban fiffikenta yana da haƙora kamar na matsefi, bayansa yana da geza, samansa kuma laushi ne da shi kamar karan-miski, don haka ba ta razana abin farauta, ba ta kuma toshe wa kanta ji.

Duk waɗannan baiwa ce ta halitta. Suna nuna kaifin gani da ji, amma ba su isa hujja a kan basira ba, kamar yadda ƙarfin jin warin kare ba ya mayar da shi malami.

6.0 Mujiya a Ɗakin Jarrabawa

Masana suna gwada basirar tsuntsu ta hanyar ba shi matsalar da bai saba da ita a daji ba. A nan hankaka da aku ne suka yi zarra. A 2002, a Jami'ar Oxford, wata hankaka 'yar asalin tsibirin Sabuwar Kaledoniya, da aka sa wa suna Betty, ta lanƙwasa miƙaƙƙiyar waya ta yi ƙugiya ta zaro ɗan bokitin abinci daga cikin bututu. A Jami'ar Washington da ke Siyatil, binciken da John Marzluff ya fara a 2006 ya nuna cewa hankaki suna riƙe fuskar wanda ya taɓa kama su shekara da shekaru, har waɗanda ba a kama ba su koyi tsangwamarsa. Shi kuwa Alex, aku mai ruwan toka da jan wutsiya irin na dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ya yi shekara 30 a hannun Irene Pepperberg, daga 1977 zuwa mutuwarsa a 2007, ya san kalmomi fiye da 100, yana bambance launi da siffa, yana kuma faɗin adadin abubuwa har 6. Ashe zaɓin da Abubakar Imam ya yi bai kauce ba.

Mujiya ba ta taka irin wannan rawa ba. Wani sanannen gwaji shi ne a ɗaura nama a ƙarshen zare a ga ko tsuntsu zai gane cewa jan zaren ne zai kawo masa naman. Hankaki da aku da dama sukan warware wannan. Da wasu masana a Rasha suka yi wa wani nau'in babbar mujiya mai ruwan toka wannan gwaji, a rahoton da suka fitar a 2013, sakamakon bai nuna cewa ta fahimci alaƙar zaren da naman ba.

Sai dai adalci ya wajaba a nan. Ƙwaƙwalwar mujiya ba ƙarama ba ce idan aka kwatanta da girman jikinta, illa dai babban kaso nata ya tafi ga sarrafa gani da ji. Hankaka yana cin kusan komai, yana zaune cikin taro, kullum yana tone-tone da baki, don haka wasa da zare da waya ya yi daidai da rayuwarsa. Mujiya kuwa mafarauciya ce mai zaman kaɗaici ko bibbiyu, sana'arta ita ce ta zauna shiru ta saurara ta kai sura sau ɗaya. Jarrabawar da aka tsara bisa sana'ar wani ba lallai ta bayyana iyawar wani ba, kuma wannan batu ne da ɗalibin fannin auna fahimta ya sani.

Akwai kuma halayen da aka gani a daji masu ɗaure kai. Wata ƙaramar mujiya mai zama a rami a nahiyar Amurka takan tara kashin dabbobi a bakin raminta, kuma wani bincike na 2004 a Fulorida ya nuna cewa wadda ke da kashin a ƙofarta ta fi cin buzuzu nesa ba kusa ba, wato kashin ya zama tarko. 'Ya'yan farar mujiya, kamar yadda Alexandre Roulin na Jami'ar Lozan a Suwizalan ya nuna, sukan yi ta musayar kuka tsakaninsu kafin iyaye su dawo, wanda ya fi jin yunwa ya fi nacewa, sauran su janye su bar masa abincin da za a kawo. Ko waɗannan ilhami ne ko koyo, suna nuna cewa kiran ta wawuya ma wuce gona da iri ne.

7.0 Mujiya Mai Tabarau ta Gaskiya

Binciken da ya fi shafar malami kai tsaye shi ne wanda Knudsen ya ci gaba da shi a Jami'ar Stanford, inda aka sanya wa mujiya tabarau na gaske. Gilashin yana karkatar da duk abin da ta gani zuwa gefe da digiri 23, sai ya zamana ido na cewa ɓera yana nan, kunne na cewa yana can. 'Yan ƙananan mujiyoyi, cikin 'yan makonni, taswirar sautin da ke ƙwaƙwalwarsu ta gyaru ta bi sabon ganin. Manya kuwa ba su gyaru ba sai ɗan kaɗan, ko da sun yi watanni.

Da a nan aka tsaya, da sai a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a rufe zance. Amma a 2002 Knudsen da Brie Linkenhoker suka sake gwajin ta wata hanya. Maimakon a ɗora wa babbar mujiya karkata mai yawa lokaci guda, sai aka fara da 'yar kaɗan, in ta saba a ƙara. Da haka manyan suka gyaru fiye da yadda suka yi a dā sosai. Bayan 'yan shekaru aka sake gano cewa babbar mujiyar da aka bari ta farauci ɓera mai rai da tabarau a fuskarta ta fi wadda ake ajiye wa mataccen abinci saurin daidaitawa. Ba a ɗaukar sakamakon tsuntsu a ɗora wa mutum kai tsaye, amma duk wanda zai koyar a ajin yaƙi da jahilci zai ga kamar da ɗalibansa ake: babba yana koyo idan aka bi da shi daki-daki, kuma idan abin da ake koya masa yana da alaƙa da abin da zai ci.

8.0 Amfani da Darasin a Aji

Batun bai tsaya a littafi ba, domin camfi yana sa yara su jefe mujiya ko su fasa ƙwanta duk inda suka same ta, alhali abincinta mafi yawa ɓeraye ne da jaba. Gida ɗaya na farar mujiya, iyaye da 'ya'ya, yana cinye dubban ɓeraye a shekara. Manoman wani ƙauye a kwarin Bet She'an na Isra'ila sun fara kafa mata akwatunan sheƙa a gonaki a 1983 don rage amfani da guba, daga baya shirin ya bazu zuwa Jodan da yankin Falasɗinawa. Haka ma ake yi a gonakin kwakwar manja na Malesiya. A ƙasar da ɓera ke ɓarna a rumbu, kuma wani nau'insa ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wannan labari ne da ya cancanci yaro ya ji.

Malamin Hausa na iya sa ɗalibai su tambayo iyaye da kakanni camfe-camfe da maganganun da suka shafi mujiya, a rubuta su yadda aka faɗa, ba tare da an yi wa kowa dariya ba. Daga nan sai a ɗauki kowanne a tambaya: wane hali na tsuntsuwar ne ya haifar da shi? A darasin fassara kuma, a nuna musu cewa idan Bature ya kwatanta mutum da mujiya yabo yake nufi, amma idan aka juyo maganar Hausa yadda take, zagi za ta koma, don haka sai mai fassara ya nemi dila ko aku ko dattijo, gwargwadon abin da nassin yake nufi.

Inda akwai mujiya a silin ko kango kusa da makaranta, ana iya haɗa kai da malamin kimiyya. Mujiya takan haɗiye ɓera ɗungum, bayan sa'o'i ta amayo gashi da ƙasusuwan a dunƙule, kuma ana samun waɗannan dunƙule a ƙarƙashin inda take kwana. Malami ne zai tsinto busassu da safar hannu, ya gasa su cikin rufaffen gwangwani don kashe ƙwayoyin cuta, sannan a jiƙa su a warware da tsinke a kan farar takarda. Ɗalibai su ƙirga ƙoƙon kan da suka samu a kowane dunƙule, su rubuta adadin a allo, su wanke hannu da sabulu kafin a koma aji.